Itacen jego a Bradford

Har yau maganar Hajiya na nan tsaye a maƙogwarona. Ba ni ta faɗa wa ba, surukuta ta hana. 'Yarta ta faɗa wa a ɗaki, amma da muryar da ta san za ta gangaro har gindin bene, inda nake tsaye rungume da tukunya: "Wai shi mai gidan naki, itacen jego ma sai an roƙe shi?"

Itace fa. A Bradford ta ƙasar Ingila, cikin watan Janairu, a gidan da ko ashana ba a ƙyastawa.

Da muka sayi gidan nan, boilar gas muka tarar a ciki, wato na'urar ɗumama gida da dafa ruwa, irin wadda ba ta da tanki. Kana buɗe famfo za ta kama, ruwan zafi ya yi ta zuba har sai ka gaji don kanka. A 2022, bayan Rasha ta afka wa Yukiren, kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabo, na fara jin haushinta. Da ta mutu a kakar 2024 sai na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Tun Oktoban 2023 gwamnati ke ba da tallafin fam 7,500 ga mai gidan da ya cire boilar gas ya sa abin da suke kira hit-fam. Inji ne da ake girkewa a bayan gida, kamar kan iyakwandishan na waje. Aikinsa irin na firji ne da aka juya: yana zuƙo ɗumin da ke cikin iskar waje, ko da ana sanyi, ya turo shi cikin gida. Ya ci wuta mudu ɗaya, ya ba ka ɗumi wajen mudu uku. Ni da na karanta fiziks a Samaru, wannan lissafi ya yi mini daɗi. Har murhun girki na mayar na lantarki, na sa aka yanke gas ɗin gaba ɗaya. A masallaci kuwa ban bar kowa ya huta ba.

Sai dai injin sannu-sannu yake aiki, ba ya iya tafasa ruwa nan take. Dole a haɗa shi da tanki, ya riƙa tara ruwan zafi yana ajiyewa. Nan na yanka wa kaina.

Mai auna gida ya zo ranar da uwargida take wurin aiki. Ya zauna a falo da kwamfutarsa ya fara jero tambayoyi. Ku nawa ne a gidan? Sau nawa kake wanka a rana? Matarka fa, shaya take yi ko kwami take cikawa? Na dube shi, ya dube ni, shi ko a jikinsa. Na ce mu uku ne. A lokacin cikinta wata shida. Amma wane Bahaushe ne zai ƙirga ɗan da bai zo duniya ba, a gaban baƙo, har a rubuta a takarda? Ya ce ko muna yawan baƙi? Na ce jefi-jefi. Ya lissafa lita 45 ga kowane mutum a rana, ya ce tanki mai lita 150 zai ishe mu, ko da yake shi da zai ba ni shawara sai ya ce 250. Babban ba zai shiga ba sai an fasa ɗan kabad ɗin da muke ajiye buhun shinkafa da garin tuwo da kuka da daddawa. Ya kuma kawo zancen shaya mai hitarta a jiki, wadda ke dafa ruwa nan take, na ce a'a, wannan mudu ɗaya take ci ta ba ka mudu ɗaya. Na zaɓi 150, ina ganin na yi dabara. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

An haihu lafiya, mace. Hajiya ta sauka a Manchester da akwati biyu, ɗaya kusan duk kanwa ce da yaji da busasshen ganyen darbejiya. Washegari da asuba ta buɗe famfo, ta tara hannu, ta jira. Ta ƙara jira. Ruwan tankin digiri 50 yake tsayawa, domin in ka matsa wa injin ya wuce haka, ribar tasa raguwa take yi. Sau ɗaya a mako ne kawai hitar cikin tankin ke kai shi 60, don kashe wata ƙwayar cuta da ke son ruwa mai ɗumi-ɗumi. Ita kuwa Hajiya abin da ta sani shi ne rabin duro a kan murhu yana ɓararraka, tururi ya rufe tsakar gida. Ta ce wa 'yarta wannan ai ruwan alwala ne. Ta cika kwami duk da haka, tanki ya kusa ƙarewa, yaro ya tafi makaranta da wankan ruwan sanyi yana kuka.

Daga ranar na zama ɗan ga-ruwa a gidana. Ƙarfe biyar na asuba tukwane biyu na kan murhu, butar shayi mai cin lita 1.7 tana ta kai da kawowa, ni kuma ina hawa bene ina saukowa. Na kunna hitar cikin tankin, mai kilowat 3, yayar wadda muke tsomawa a bokiti a hostel. Ita ma sai ta yi kusan awa 3 kafin ta dafa tanki daga sanyi. Wankan safe da sauƙi, don tsarin wutar da na shiga yana da araha kafin gari ya waye. Na yamma ne ya kashe ni. Hajiya bayan la'asar take so, kuma tsakanin ƙarfe 4 da 7 wuta ta fi kowane lokaci tsada. Takardar kuɗin wutar watan ban nuna wa kowa ba.

Abin da ya fi ci mini rai, uwargida ma'aikaciyar jinya ce. Ta san tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar masu jego da tsananin zafin wankan nan da yawan kunun kanwa. Cikin dare ta raɗa mini cewa ita ruwan digiri 50 ɗin ya yi mata daidai, kada in kuskura in canja komai. Na ce to ki gaya wa Hajiya mana. Ta ce, "Ni? Rufa mini asiri." Ta juya ta yi barcinta. Na fito bayan gida na tsaya kusa da injin, fankarsa na juyawa tana huro mini iska mai ƙanƙara. Duk layin babu wanda zan ƙwanƙwasa wa ƙofa in ba wannan labari ya gane inda ciwon yake.

Kafin a yi arba'in zance ya riga ya kai Funtuwa. Yaya ce ta fara kira: "Kai yanzu 'yar mutane ka sa take jego da ruwan sanyi?" Na fara yi mata bayanin mudu ɗaya da mudu uku, ta ce in dakata ga Inna.

Inna ba ta yi faɗa ba. Labari ta ba ni, wanda na ji ya fi sau ashirin: yadda tun tana wata bakwai da cikina Baba, Allah ya jiƙansa, ya fara tara itace a bayan ɗaki, kaya bayan kaya a kan jakin aro, har maƙwabta suna tsokanarsa wai ko gidan burodi zai buɗe. Da hunturu aka haife ni, kuma ko rana ɗaya wutar murhun nan ba ta mutu ba sai da ta yi arba'in. Ta yi shiru, ina jin kaji a bayanta, da wani yana sallama a zaure. Shekara shida rabona da zauren nan.

Sai ta sassauta murya, yadda Yaya ba za ta ji ba. Ta ce, "In babu ne ka faɗa mini, ɗan nan. Akuyata ta haifi biyu, sai in sa a kai ɗaya kasuwa."