Lauyan fim ba ya karanta fayil

Ƙannena masu shirin cike fom ɗin JAMB, ina jin rahar da kuke yi a majalisa, kuna raba wa juna sana'a da mutanen cikin fim. Mai surutu a ce lauya ne, ya doki tebur kotu ta yi tsit. Mai sanyin fuska a ba shi likita, aikinsa ya fito daga ɗakin tiyata, ya cire tabarau, ya ce sai dai haƙuri. Mai tsawa ɗan sanda, wanda ba ya isowa sai an gama faɗa. Mai son jiki kuwa shi ne Alhaji: babbar riga, falo mai sanyi, waya a kunne ana sauke kwantena, har fim ya ƙare ba a nuna inda kuɗin ya fito ba. Abin da dariya, amma rahar nan tana kama zuciya fiye da yadda kuke zato.

Ni lauyan ne ya ja ni. Na zaɓi karatun shari'a ban tambayi kowa ba, sai da sakamako ya fito na ji ana neman kiredit a Adabin Turanci, darasin da na yi watsi da shi tun farkon babbar sakandare. Haka shekarar ta wuce ni, abokaina suna shiga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ta Dutsin-Ma, ni ina zaune a gida.

A zaman nan ne wani maƙwabcinmu lauya ya riƙa tafiya da ni kotu. Ban ga mai dukan tebur ba. Na ga mutum cikin baƙar riga da zafin Katsina, gumi na bin wuyansa, ya kwana yana karanta fayil, aka kira shari'arsa, cikin 'yan mintoci aka ɗage ta zuwa wani watan. Ya tattara takardunsa bai ko ɓata rai ba. Aikin na mai haƙuri da karatu ne. Kafin a kai can ma sai an yi shekara 5 a jami'a, sannan makarantar horas da lauyoyi, irin ta Bagauda. Likita shekara 6 ne, da ƙarin shekarar gwaji a asibiti, da kwanan aiki wanda fim ba ya nunawa.

Don Allah, kafin ku rubuta komai a fom, ku duba ƙasidar JAMB ku ga darussan da kowane kwas ke buƙata. Mai son lauya ya je kotu, zamanta a buɗe yake, ya samu benci a baya ya wuni. Mai son zama Alhaji ya yi sammako zuwa Babbar Kasuwa, ya tambayi masu manyan shaguna shekara nawa suka yi suna yaron shago kafin ubangida ya sallame su da jari.