Daren da kwanso ya maƙale mini a dayi

Saura kwana tara a buɗe farautar barewa da bindiga a nan jihar Fensilbaniya ta Amurka, wadda ake farawa ranar Asabar ɗin da ke bin bikin godiya na ƙarshen Nuwamba. Daren Alhamis ne. Na yi sallar isha'i, yara sun kwanta, na sauka gareji da kwanson harsashi harbabbe guda 50 samfurin .308 a cikin tire, da niyyar in matse su duka a inji su koma girmansu kafin barci ya ɗauke ni. Guda 30 sun wuce lafiya. A na 31 ne hannun injin ya yi mini nauyin da bai saba yi ba, tun kwanson bai kai rabin hanya ba. Na ji nauyin sarai. Maimakon in tsaya, sai na ɗora kafaɗa na danna har ƙasa. Da na zo ɗago hannun, ya ƙi. Na ƙara ƙarfi, sai na ji ɓas, hannun ya taso sakayau. Na leƙa, ga gutsuren leɓen gindin kwanso guda biyu a kan mariƙi, sauran jikinsa kuma yana can cikin dayi, wato ƙarfen da ke matse kwanson, ya yi zamansa.

Bari in yi wa wanda bai san aikin ba bayani kaɗan. A Amurka doka ta yarda mutum ya sake ɗura kwanson da ya harba don amfanin kansa, kuma mafarauta da yawa haka suke yi. Ni na fara ne a 2021, lokacin da harsashi ya yi wahalar samu a shaguna, sai ka zaga gari ka dawo hannu rabbana. A Najeriya dokar makamai ba ta ba mutum damar haɗa harsashi a gida ba, kuma duk wanda ya san halin da yankinmu ke ciki ba zai so a sassauta ta ba. Don haka wannan labari na nan ne, inda nake zaune.

Idan aka harba bindiga, matsin da ke tashi a cikin kwanson .308 yana iya kaiwa fam 62,000 a kan kowane murabba'in inci. Kwanson tagulla ne, kashi 70 jan ƙarfe, kashi 30 zinki, don haka sai ya kumbura ya cika ɗakin bindigar, sannan ya ɗan koma, amma ba ya komawa yadda yake da farko. Kafin a sake ɗura shi dole a mayar da shi girmansa. Abin da ke yin wannan aiki shi ne dayi, wani dunƙulen ƙarfe mai tauri da aka rarake cikinsa daidai siffar harsashin, ana ɗaura shi a saman injin matsi. Ta tsakiyarsa akwai sanda siririya: bakinta yana ture tsohuwar firaima, wato ɗan maɓallin da ke kunna albarushi, sama da bakin kuma akwai ɗan ƙululu da ke buɗe wuyan kwanson lokacin fitowa. Abin da kawai ke jawo kwanson waje shi ne wannan siririn leɓe na gindinsa. In babu mai tsakanin tagulla da ƙarfe, sai su kama juna, leɓen kuma ba shi da ƙarfin raba su.

Abin da na fara yi a daren, ba na so kowa ya yi shi. Na kwance dayin, na ɗauko filaya na kama ɗan abin da ya leƙo na gindin kwanson, ina murɗawa. Tagullar ta dinga gutsurewa, bakin filaya kuma ya goce sau ɗaya ya karci gefen dayin ta waje. Allah ya taimake ni ta waje ne. Da ta ciki ne, da duk kwanson da zai sake bi ta wurin sai ya fito da zane a jikinsa. Daga nan zuciyata ta raya mini in ɗauko ɗan kaskon wutar gas in gasa shi. Abin da ya hana ni shi ne tunawa da maƙerar kakana a Katsina, inda na ga yadda ake ba ƙarfe ruwa ya yi tauri, na kuma ga yadda wuta ke zare masa wannan taurin in aka sake mayar da shi. Dayi ƙarfe ne da aka riga aka ba ruwa. In ka gasa shi, kwanson zai iya fita, amma ka kashe kayan aikinka.

Sai na bi shawarar da kowa ke bayarwa: na ɗiga man kwance tsatsa ta sama da ƙasa, na ƙulle dayin a leda, na saka a firiza. Hujjar masu wannan dabara gaskiya ce, tagulla ta fi ƙarfe tsukewa a sanyi. Sai dai in ka yi lissafi a kan abin da faɗinsa bai wuce milimita 12 ba, bambancin bai kai kaurin silin gashi ba, ko kusa. Ga kwanson da ya ɗan kama yana iya isa. Nawa kuwa da kafaɗa na tura shi. Da asuba na ciro, na gwada, ko gezau. Uwargida ta tarar da ni a kicin riƙe da leda mai sanyi, ta ce, "Maigida, ka bar shi haka ka tafi aiki, in ka dawo ka nuna wa dattijon nan." Haka aka yi.

Dattijon maƙwabcina ne, ya haura shekara 70, injiniyan gyaran injinan masana'anta ne da ya yi ritaya, shi ne kuma ya koya mini wannan aiki tun daga farko. Da na miƙa masa dayin da yamma, ya juya shi a hannu, ya haska tocila ta gindin. Abin da ya fara dubawa shi ne ko firaimar ta fita. Ta fita, ramin fayau. Ya ce ba ya kai injin huda kusa da kwanso sai ya ga wannan ramin da idonsa, ko da an rantse masa cewa harbabbe ne. Sannan ya tambaye ni ko na ji nauyi kafin abin ya faru. Na ce na ji. Ya gyaɗa kai, bai ƙara komai a kan haka ba, ya jawo wata tsohuwar gwangwanin alewa daga ƙarƙashin teburi.

Abu biyar ne a ciki: bakin huda mai lamba 7, wanda kaurinsa inci 0.201 ne, wato milimita 5 da 'yan kai. Ƙarfen yanka tiredi, wato zaren da noti ke bi in ana murɗa shi, na kwatan inci mai zare 20 a kowane inci. Dogon noti, irin wanda ake murɗawa cikin rami, mai irin wannan tiredin. Washa mai kauri. Da soket ɗin sifana wanda bakinsa ya fi gindin kwanson faɗi amma bai fi bakin dayin ba. Kamfanoni irin su RCBS da Hornady da Redding suna sayar da wannan haɗin a shirye, shi kuwa a shagon kayan gini ya tsinto nasa ɗaya bayan ɗaya tun kafin a haifi babban ɗana.

Ya fara da kwance notin saman dayin har sandar tsakiya ta saki. Ba ta fita, don ƙululun nan ya fi matsattsen wuyan kwanson girma, amma tana lilo. Ya kife dayin, gindi sama, sai sandar ta zame ƙasa da kanta ta ba da fili. Wannan ne matakin da masu gaggawa ke mantawa, su huda gindi su haɗa da bakin sandar su karya. Ya sa katako biyu a bakin mamatsin teburi, ya kama dayin ta zoben makullinsa, bai matse jikinsa ba. Ramin firaima shi ke yi wa bakin huda jagora, don yana tsakiya daidai. Ya kunna injin a hankali. Ina tsaye ina kallon tagulla tana fitowa a nannaɗe kamar zaren zinare tana zuba a kan katakon, har na ji sautin ya canza, alamar ya ɓulla. Nan take ya ɗaga hannu.

Yankan tiredin ya bar mini. Ya ɗiga mai, ya ce in tsayar da ƙarfen sak, in juya rabin zagaye gaba, in dawo kwata baya don ɓarɓashin ya karye. Tagulla tana da laushi, kuma a nan haɗarin yake: kaurin gindin kaɗan ne, zare 'yan ƙalilan za ka samu, in ka karkace ko ka yi ƙarfi suka cinye, sai ka koma neman bakin huda mafi girma, kana ƙara matsawa kusa da bangon dayi. Na yi minti goma a kan abin da bai kai tsawon farcen yatsa ba. Hannuna na gumi duk da sanyin garejin.

Sai ya kifa soket ɗin a bakin dayin, ya ɗora washa, ya zura noti har ya kama sabon tiredin, ya miƙo mini alanki. Kowane zagaye ɗaya yana jawo kwanson kashi ɗaya cikin 20 na inci. Zagayen farko notin ya zauna a kan washa. Na biyu ya yi tauri har na tsaya na dube shi, ya ce wannan nauyin daban ne, in ci gaba a hankali. A tsakiyar na uku na ji ƙas, ƙara 'yar ƙarama kamar an karya tsinken ashana, alankin ya yi sauƙi a hannuna. Da yake jikin kwanson a tsuke yake ta sama, da zarar ya motsa kaɗan ya rabu da bango gaba ɗaya. Ya fito da sandar a cikinsa, muka yanka shi gida biyu da ƙaramin zarto muka zare ta. Bakinta bai lanƙwashe ba.

Na tambaye shi me ya sa ba mu buge shi da guduma ta sama ba, kamar yadda na ga wasu na yi. Ya ce ya danganta da ƙirar dayin. Na kamfanin Lee sandarsu lafiyayya ce ba tiredi, wani maƙoshi ne, wato zoben ƙarfe mai matsewa, ke riƙe ta, kuma su da kansu sun ce a sassauta maƙoshin a buga sandar ta turo kwanson. Irin nawa mai siririyar sanda da tiredi, in ka buga, sandar ce za ta lanƙwashe, kwanson na nan inda yake.

Da muka wanke cikin dayin da sifirit muka haska, sumul yake. A nan ne hankalina ya kwanta, a nan ne kuma ya sa ni zama muka bi abin da ya jawo. Abu biyu ne suka haɗu. Na farko, man fesawa nake amfani da shi, irin wanda ake narkar da mai a cikin sinadari mai saurin bushewa. Sai an girgiza gwangwanin sosai, an fesa ta kowane gefe, an jira sinadarin ya tashi ya bar man. Ni kuwa a tsaye na jera su a tire na fesa daga sama, don haka wuya da kafaɗa suka samu, ƙasan jiki kusa da gindi, inda aikin matsi ya fi tsanani, bai samu komai ba a layin tsakiya. Laifin hannuna ne, ba laifin man ba. Na biyu, kwanson kansa. Ragowar kayan soja ne da na saya da arha, an harba sau ɗaya. Irin waɗannan tagullarsu ta fi kauri, kuma da yawansu daga bindiga mai sarrafa kanta suka fito, wadda ɗakinta ke da yalwa don kada ta cushe, saboda haka sun fi kumbura. Ya ɗauko ma'auni ya gwada gindin guda biyu, ɗaya daga cikin waɗannan, ɗaya daga waɗanda bindigata ta harba, ya nuna mini bambancin. Ya kuma tuna mini cewa kauri yana rage fili a ciki, don haka in na zo ɗuri kada in ɗauki awon albarushin da na saba, in koma littafin awo in faro daga ƙasa.

Akwai masu cewa maganin abin shi ne a labta mai da yawa. Ban yarda ba, don na gwada a farkon koyona. Man da ya taru a kafaɗa ba shi da hanyar fita, sai ya lotsa tagullar, ka ga kwanso ya fito da 'yan ramuka. Yanzu kaki nake amfani da shi, na ɗan ƙaramin gwangwanin nan na Imperial. Ina taɓa shi da yatsa biyu, in murza jikin kwanson daga ƙasan kafaɗa zuwa gindi, in ɗan shafa cikin wuyan da burushi. Ya fi cin lokaci, amma kowane kwanso sai ya bi ta yatsuna, kuma ina ganin tsaga ko lotsawa tun kafin ya hau inji. Dattijon shi man gashin tunkiya yake narkawa a sifirit ya fesa a cikin leda ya cakuɗa, yana kuma barinsu su sha iska kafin ya fara. Duka biyun suna aiki. Sabon dayi ma sai an wanke man ajiyar da ya zo da shi, don wannan na hana tsatsa ne kawai.

Ranar Asabar da safe na koma kan guda 19 da suka rage. Na shafa musu kaki ɗaya bayan ɗaya. Wanda duk ya yi nauyi, sai in tsaya a nan, in sauke shi, in ƙara shafawa, in sake shigar da shi kaɗan-kaɗan, sau biyu ko uku kafin ya kai ƙarshe. Goma sha uku sun wuce a haka. Shida sun ci gaba da yin tauri ko bayan shafawa ta biyu, na jefa su a bokitin tagullar da nake tarawa don masu sayen tsohon ƙarfe. Da la'asar na je shagon kayan gini da takardar da dattijon ya rubuta mini lambobin, na sayo bakin huda da ƙarfen tiredi da noti biyu, na mayar masa da gwangwaninsa tare da kwanon dambun naman da uwargida ta zuba masa.