Felix de Weldon da mutum-mutumin Iwo Jima

A Vienna aka haifi mai sassaƙa Felix de Weldon a 1907, ya koma Amurka a 1937. Yana aikin sojan ruwa ne lokacin da ya ga hoton da Joe Rosenthal ya ɗauka ranar 23 ga Fabrairu 1945, na sojojin Amurka shida suna kafa tuta a kan dutsen Suribachi da ke tsibirin Iwo Jima na Japan, lokacin yaƙin duniya na biyu. Cikin 'yan kwanaki ya gina ƙaramin samfurin mutum-mutumin da kaki mai narkewa. Babban kuwa sai da ya ci kusan shekara 9.

Da ƙarafa ya soma, ya haɗa su tamkar ƙasusuwan mutum don su riƙe nauyi. Sannan ya gina jikin kowane soja tsirara, daga baya ya sa masa kayan soja da takalmi. Wannan ne sirrin aikin a ganina: ko ta cikin riga ana ganin yadda jijiyar kafaɗa ta miƙe. Wanda ya fara da tufafi, buhu zai samu a tsaye.

Tsawon kowane soja ƙafa 32 ne, sandar tutar ƙafa 60. Ba a zuba tagulla mai wannan girma a tashi ɗaya, don tana tsukewa in tana hucewa, wuri mai kauri ya yi jinkirin sanyi, sai ta tsage ko ta yi kogo. Shi ya sa aka yayyanka samfurin filasta, aka kai maƙerar Bedi-Rassy a Brooklyn, inda zubin ya ɗauki kusan shekara 3. Aka kwaso shi a manyan motoci zuwa Arlington, kusa da Washington, gunduwa mafi girma ta haura tan 20, aka ɗaure da kusoshi, aka bi mahaɗa da walda. Gindin baƙin dutse ne daga Suwidin. Kuɗin, dala 850,000, duk gudummawa ce. Shugaba Eisenhower ya halarci buɗewar ranar 10 ga Nuwamba 1954.

Daga baya wata matsala ta ɓullo daga fuskoki. Rene Gagnon, Ira Hayes da John Bradley sun zauna ya gina kamanninsu, a matsayin waɗanda suka tsira cikin shidan. A 2016 rundunar sojan Marine Corps ta Amurka ta tabbatar babu Bradley a hoton, Harold Schultz ne. A 2019 kuma ta ce Harold Keller aka ɗauka a matsayin Gagnon.

De Weldon ne kuma ya yi Tugu Negara, mutum-mutumin tunawa da sojojin Malesiya, a 1966. Ya rasu a 2003.