Kalma biyu da suka ci mini wata huɗu

A babi na uku na kundin digirina na biyu na rubuta "saboda haka", Malam ya zagaye ta da jan biro har takarda ta kusa hujewa.

Aikin a kan bektoci ne masu faɗuwa bisa sa'a, kowace da ƙafa biyu, wato lambobi biyu a haɗe, ina son nuna suna kusantar rabon Gauss, mai siffar ƙararrawa. Nan ban sha wuya ba. Tun 2005 Nualart da Peccati suka nuna cewa a mataki guda na rukunan Wiener, wato rukunan adadi masu faɗuwa bisa sa'a da ake ginawa daga rabon Gauss, in matsakaicin ninki na biyu ya nufi 1, na huɗu ya nufi 3, to rabon ya kusanci na Gauss, magana ta ƙare. Peccati da Tudor kuma suka kai abin ga bektoci. Daɗi ya kwashe ni, na ƙara layi ɗaya: saboda haka kaurin yiwuwarsu, wato lanƙwasar da ke nuna cunkoson yiwuwa a kowane wuri, shi ma yana kusantar na Gauss a kowane ɗigo.

Malam bai yi faɗa ba. Ya buɗe durowa ya ɗauko wani tsohon sule ya ajiye a gabana.

"Jefa shi sau 1,000, ka ƙirga kai. Amsa nawa za ta iya fitowa?"

"1,001, Malam."

"To ina kaurin?"

Na yi tsit. Rabon yana kusantar ƙararrawa, amma a kan ɗigogi ƙidayayyu yake zaune, ɗigogin da Gauss bai ba su ko ƙwayar zarra na yiwuwa ba. Kauri babu shi sam, balle a ce ya kusanci wani abu. Ya ƙara mini da na biyu a allo: ɗauki X mai rabon Gauss ka haɗa bekta (X, X). Kowace ƙafa da kaurinta, amma bektar a kan layi ɗaya take kwance, layi kuwa ba shi da faɗi.

Daga nan na koma wa lissafin Malliavin, wanda a da nake tsallakewa don tsoro. Paul Malliavin ya fito da shi a 1976 don ya tabbatar da wani sakamakon masanin lissafi Hörmander na 1967 ta hanyar yiwuwa. Ma'aunin Bouleau da Hirsch ya ce in ditaminan na jadawalin Malliavin, wato lamba ɗaya da ake fitarwa daga jadawalin da ke auna yadda ƙafafun bekta ke sauyawa tare, bai zama sifili ba, sai a inda yiwuwa sifili ce, to akwai kauri. Na gwada shi a kan (X, X), sifili ya fito fes. Ranar na fara jin abin a jikina.

Samuwar kauri daban, kusantowarsa daban. Ta biyun ta buƙaci in kama matsakaicin kishiyar ditaminan ɗin, wato 1 bisa ditaminan, da iyaka ɗaya a duk jerin, kada ya tsere. Nan wata huɗun suka tafi, kuma ban iya tabbatar da shi ga kowane jeri ba, dole na sa shi sharaɗi. Sakamakon ya ƙanƙance, na ji haushi ƙwarai. Malam ya karanta sabon babin a tsaye, ya miƙo mini ya ce, "Je ka buga."