Abin da idon mai juna biyu ke faɗa game da hawan jini

A ɗakin haihuwa, duk matar da ta ce tana gani dishi-dishi ko walƙiya na gilma mata, ma'aunin jini nake fara ɗaukowa kafin fitilar duba ido. Aiki ne ya koya mini haka. Hawan jinin da ke tasowa bayan mako 20 da ɗaukar ciki, daga 140/90 zuwa sama, balle ma in furotin ya fito a fitsari, yana matse ƙananan jijiyoyin jini a ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa. Duk waɗannan a ɓoye suke. Tantanin bayan ido ne wurin da za ka haska fitila ka ga jijiyar jini ƙuru-ƙuru ba tare da an tsaga kowa ba.

Sai hannu da ido sun saba kafin ka gane abin da kake kallo. A mai lafiya, kaurin jijiyar da ke kawo jini kusan biyu bisa uku ne na wadda ke mayar da shi. In ciwon ya kama, sai ka ga mai kawowar ta tsuke, wani wuri ta shaƙe, wani wuri ta ɗan saki. In abin ya yi nisa, ga ɗigon jini nan da can, ga fararen tabo kamar an yayyafa auduga, wani lokaci har kan jijiyar gani ya kumbura. Wannan matar ba ta komawa gida ranar. Abin da ke faruwa a idonta yana iya faruwa a ƙwaƙwalwarta, kuma daga nan jijjiga ba ta da nisa.

Darasin da ya fi zama mini shi ne na haƙuri da idon kansa. Ruwa kan taru a ƙarƙashin tantanin ya ɗaga shi, sau da yawa a ido biyun, mace ta wayi gari ba ta gane fuskar mai jinyarta. Dangi su ruɗe, su ce a kira likitan ido ya yi aiki. Alhali irin wannan ɗagawar ba yagewa ba ce, galibi ba ta bukatar tiyata. A sauke jinin da magani irin su labetalol ko nifedipine ko hydralazine, a ba da magnesium sulfate don tare jijjiga, a haihu in lokacin raba uwa da jariri ya yi, tunda tushen ciwon a mabiyiya yake. Cikin 'yan makonni ruwan kan janye, mafi yawansu ganinsu ya dawo.

Akwai kuma wadda za ta ce ba ta ganin komai, ka duba bayan idon ka tarar da shi garau. Nan matsalar tana ɓangaren baya na ƙwaƙwalwa, inda ake fassara gani, shi ya sa ido mai kyau ba ya kwantar mini da hankali.

Mata da yawa ba sa kawo maganar gani da kansu, suna ɗauka laulayi ne ko gajiya. Saboda haka a wurin awo nakan tambaya kai tsaye: "Baiwar Allah, kina ganin taurari ko hazo? Kai na sara miki?" Ranar sallama ma nakan maimaita, domin ciwon yana iya ɓullowa har mako 6 bayan haihuwa, lokacin da hankalin kowa ya koma kan jariri.