Yadda na koyi cin piti da dafa shi a Sheki

A shekarata ta biyu ta karatu a Baku, wani abokin ajinmu ya gayyace ni gidan iyayensa a Sheki, garin da ke gindin duwatsun Kaukasus, tafiyar kimanin kilomita 300 daga Baku, babban birnin Azarbaijan. Mun isa bayan la'asar da yunwa, amma abin da aka fara ajiye mana shi ne baƙin shayi a ƙananan kofunan gilashi masu siririn ƙugu da suke kira armudu. Ba a zuba sukari a ciki. Mutum yakan tsoma ƙwayar sukarin a shayin, ya gatsa, sannan ya kurɓa. Mahaifin abokina ya ce shayi mai zaƙi yana da ranarsa, domin a al'adarsu idan an je neman aure, dangin yarinya suka kawo shi da sukari a ciki, to sun amince ke nan.

Washegari da rana aka kawo piti, abincin da Sheki ke alfahari da shi. Kowa da tasa 'yar tukunyar ƙasa mai suna dopu, ga kwano babu komai a ciki, ga burodin da aka gasa a tandir, wanda sunansa da aikinsa suka tuna mini da tanderun gurasa na Kano. Na sa cokali a tukunyar zan fara ci, sai mahaifiyar abokina ta ɗaga mini hannu a hankali, ta ce, "Ɗana, wannan abinci biyu ne a tukunya ɗaya." Ta nuna mini yadda ake gutsuttsura burodin a kwano, a barbaɗa sumak, wato wani jan gari mai tsami, a tsiyaye romon a kai, a fara shanye wannan. Sai bayan nan ake juye naman da sauran kayan, a murƙushe su da kitsen har su haɗe. Na gane hikimar abin a bakina: tsamin sumak ne yake karya maiƙon, burodin kuma yana riƙe romon da cokali kaɗai zai ɓarnatar.

Muna cikin ci gutsuren burodi ya faɗi ƙasa. Ƙanin abokina ya ɗauka, ya sumbace shi, ya kai shi goshi, ya ɗora a kan taga. Babu wanda ya umarce shi, kuma tun ranar ban sake barin ɓarɓashin burodi a ƙasa ba.

Da daddare na roƙi mahaifiyar abokina, ina kiranta hala kamar yadda matasa ke kiran dattijuwa, wato inna, ta koya mini dahuwar. Ana jiƙa wani kumburarren wake da suke kira nohud ya kwana, a shimfiɗa shi a gindin tukunya, a ɗora naman rago, sai shabalid, wato 'ya'yan itacen da ake kira chestnut da Turanci, da busasshen aluca, wani ƙaramin ɗan itace mai tsami, a rufe da kitsen wutsiyar tunkiya, a zuba ruwa. Wuta kaɗan ake sa masa na kusan awa 8, ba a juyawa, ruwan za'afaran kuwa sai dab da saukewa.

Da na koma Baku na gwada a tukunyar ƙarfe, na ƙara wuta don in gama cikin awa 3, na kuma rage kitsen saboda ina ganin ya yi yawa. Waken bai nuna ba, naman ya bushe, romon ya zama salam. Sai a lokacin na fahimci cewa kitsen nan marfi ne da ke tsare naman yayin da yake narkewa sannu a hankali, tukunyar ƙasa kuma tana raba zafi daidai ta yadda ƙarfe ba zai iya ba. Na sayi dopu biyu, na ɗora bayan asuba, na sauke da azahar ta gota, na kira abokina. Ya shanye romon, ya murƙushe naman, sannan ya faɗa mini abin da na ji shi ya faɗa wa mahaifiyarsa a Sheki, "Elinize saglik," wato hannunka ya zauna lafiya. Ni kuma na amsa da "Nush olsun," wato a ci lafiya, kamar yadda ta amsa masa.