Godiya ga duk waɗanda suka tsaya mana a rashin lafiyar Goje

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki.

Yau kwana 19 ke nan da muka dawo da Goje gida, kuma sai yau hankalina ya kwanta har na iya zama in rubuta godiya. Ga waɗanda ba su san shi ba, Goje muzurunmu ne, shekararsa 4, fari mai ɗigon toka a goshi, wanda kuke gani a hotuna kwance a kan kujerar da ba tasa ba. Hanyar fitsarinsa ce ta toshe. Ya kwana 3 a asibitin dabbobi, an yi rai kwakwai mutu kwakwai, Allah ya sa da sauran kwanansa a gaba. Alhamdulillahi. Mutane da yawa sun sa hannu a wannan lamari, kuma ina so kowa ya ji nasa da bakina.

Zan fara da autata, mai shekara 9, domin ita ce ta fara gani. Ita ke kwashe masa yashin da yake bayan gida a ciki. Ranar Alhamis da yamma ta same ni ta ce, "Mama, Goje yana ta shiga yashinsa yana fita, amma ba ya yin komai." Ko ɗago kai ban yi ba, na ce ƙila cikinsa ne ya ɗaure, zai sake. Ta sake dawowa bayan magariba ta ce ta ƙirga, sau 7 ya shiga. Nan ma na ce ta je ta kwanta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, tun farkon makon Goje yake ba ni labari, ni ce ban ji yarensa ba. Ranar Litinin na tarar da ɗigon fitsari a cikin bahon wanka, ɗan kaɗan, da ɗan ja-ja a ciki. Na yi masa tsawa. Ranar Talata ya yi a kan tayil ɗin ƙofar ɗaki, na sake yi masa tsawa, har na ce ya fara iskanci. Yana yawan lasar ƙasan wutsiyarsa, na ɗauka tsafta ce. Ashe mage idan fitsari yana yi mata zafi takan guji wurin da ta saba yi, ta nemi wuri mai sanyi da santsi. Auta, ki yafe mini, kin fi ni lura. Allah ya yi miki albarka.

Ta biyu ita ce Yayata, kuma da ba don ita ba da hannuna zan kashe shi.

Ranar Juma'a da daddare Goje ya ƙi abinci, ya yi amai sau 2, ya shige ƙarƙashin gado. Da na janyo shi na taɓa cikinsa sai ya yi wani kuka da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Tausayi ya kama ni. Na ɗauko ƙwayar farasitamol na raba ta huɗu da wuƙa, har na zuba ruwa a cokali. Allah ne ya sa na ce bari in kira Yaya in tambaye ta ko kwatar ta yi yawa, tunda ita ta san harkar magani. Ban rufe baki ba ta ce, "Kul! Ajiye wannan abin yanzun nan." Ta ce hantar mage ba ta iya sarrafa farasitamol yadda tamu take yi, sai ya zame mata guba, ya lalata jini har ya kasa ɗaukar iska, dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska da ƙafafu su kumbura. Ƙwaya ɗaya tana iya gamawa da ita. Ta ce ibufurofen ma kada in kuskura, shi ƙoda yake ci.

Sannan ta yi mini tambayoyi biyu: yaushe rabon da in ga fitsarinsa da idona, kuma namiji ne ko mace? Na ce namiji ne, fitsari kuwa rabona da ganin na kirki tun Laraba. Ta ce, "Ba ɗaurewar ciki ba ce. Ki ɗauke shi yanzu, kada ki bari gari ya waye, kuma kada ki matsa masa ciki." Yaya, ba ni da abin da zan saka miki da shi. Allah ya bar zumunci.

Lokacin ƙarfe 11 ta gota, maigida yana hanyar tafiya, motar tana wurinsa. Wurin da na fara kira a waya aka ce in kawo shi Litinin, in riƙa ba shi ruwa kafin nan. Ba zan faɗi wurin ba, kuma na yafe, amma da na bi wannan shawara da yanzu wani labarin ake yi. Maƙwabcinmu ne ya fito da motarsa ba tare da na roƙa sau biyu ba. Bawan Allahn nan gashin mage yana sa shi atishawa har idonsa ya yi ja, amma haka ya zuge gilasan mota, yana tuƙi yana atishawa, har muka samu asibitin da ke karɓar marasa lafiya da dare. Bai tafi ba sai da aka shiga da Goje ciki. Malam, mun gode, mun gode. A gaida uwargida, ita ma da ta riƙe mini yara har asuba.

Yanzu sai likita. Yabon gwani ya zama dole.

Ba ta ɓata lokaci da tambayoyi ba. Ta ɗora shi a tebur, ta sa hannu a ƙasan cikinsa, sannan ta kama hannuna ta ɗora a wurin a hankali. Abin da na ji har yanzu yana tafin hannuna: wani dunƙule mai tauri kamar ƙwallo, girman dunƙulen hannun yaro. Ta ce mafitsararsa ke nan, wadda a lafiyayyar mage taushi gare ta kamar balan-balan da ba a cika ba. Ta sa abin sauraro a ƙirjinsa ta yi shiru, na ga fuskarta ta canza. Ta ce mage da aka kawo asibiti a tsorace, bugun zuciyarta yakan haura 140 a minti, sau da yawa ma ya doshi 200, shi kuwa Goje nasa ya yi ƙasa da haka sosai, jikinsa kuma ya yi sanyi. Cikina ya ɗuri ruwa.

Tana aiki tana yi mini bayani, abin da ba kowane likita ke da haƙurinsa ba. Hanyar fitsarin muzuru doguwa ce, kuma siririya ƙwarai a ƙarshenta, ta macen kuwa gajeriya ce mai faɗi, shi ya sa kusan kullum maza ne ke toshewa. Idan fitsari ya rasa mafita sai ya danne ƙoda, ƙoda ta daina tace jini, dattin da ya kamata ya fita ya taru. Mafi haɗari a ciki shi ne sinadarin fotasiyam, wanda idan ya yi yawa yake rage bugun zuciya har ya tsayar da ita. Ta ce muzurun da ya toshe gaba ɗaya kwana 2 zuwa 3 ne iyakarsa, wani ma ba ya kaiwa. Gwajin jini ya tabbatar da abin da ta ji da kunnenta. Saboda haka ba ta yi gaggawar sa shi barci ba, sai da ta ɗaura masa ruwa, ta yi masa allurar da ke kare zuciya, ta ga ya ɗan farfaɗo, sannan aka yi masa allurar barci aka zura masa siririyar roba a hanyar fitsari.

Bayan kamar awa ɗaya ta fito da wani ɗan faranti ta nuna mini abin da ya toshe shi. Wani ɗan farin abu ne kamar man goge baki da aka cuɗa da yashi, bai kai ƙwayar ashana ba. Na tsaya ina kallonsa. Wai wannan ne ya so ya raba mu da Goje. Ta ce majina ce ta bangon mafitsara da ta haɗu da ƙananan duwatsun fitsari masu kama da gishiri. Fitsarin da aka zuƙo kuwa ja ne wur, har ya yi duhu. Aka ɗinke robar a jikinsa don kada ta zare, aka haɗa ta da jaka, ta kwana 2 a haka.

Ma'aikatan dare, ban san sunayenku duka ba, amma na san aikinku. Ku ne kuka riƙa auna abin da ya taru a jakar kuna rubutawa, saboda bayan an buɗe hanya ƙoda takan yi ta zubar da ruwa fiye da kima, dole a riƙa mayar masa da abin da ya fita. Ɗaya daga cikinku ta turo mini hoton jakar da safe, fitsarin ya koma ruwan ɗorawa. Ban taɓa zaton zan ga hoton fitsari in yi hamdala da hawaye ba. Ita ce kuma ta ce in kawo tsohuwar rigata da ban wanke ba a shimfiɗa masa, ƙanshin gida zai kwantar masa da hankali. A kan rigar ya fara cin abinci.

Ranar sallama na yi abin da yawancinmu muke yi, na ce likita ba za a rubuta masa maganin kashe ƙwayoyin cuta ba? Ta yi murmushi ta ce an gwada fitsarin, babu ƙwayar cuta. A magen da ba ta tsufa ba, in ji ta, ba kasafai ƙwayar cuta ke jawo wannan ba, akasari kumburin mafitsara ne da ke tashi idan hankalin dabbar ya tashi. Ta tambaye ni me ya canza a gidan kwanan nan. Sai na tuna mako 2 magina suna gyaran banɗaki, ga ƙarar injin huda bango, ga baƙin fuskoki, ni kuma don in ba su wuri na ɗauke mazubin yashinsa na kai kusa da injin wanki. Ta ce to kin gani. Mage ba ta son canji, kuma ba ta faɗa, jikinta ke faɗa.

Hoton da aka ɗauka bai nuna tsakuwa ba, wannan sauƙi ne. Ta ce tsakuwar mafitsarar mage iri biyu ce ta fi yawa, ɗaya abinci na musamman yana narkar da ita, ɗayar kuwa sai an cire. Ƙananan duwatsun da suka toshe Goje, waɗanda ba su kai tsakuwa ba, irin na farko ne. Amma abin da ta fi nanatawa shi ne ruwa. Kakannin mage daga busassun wurare suka fito, daga naman da suka kama suke samun ruwa, shi ya sa har yau ƙishirwa ba ta cika damun mage ba. Busasshen abincin da na raine shi da shi tun yana ƙarami ruwan cikinsa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, na gwangwani kuwa yakan kai 70 zuwa 80. Mage na bukatar kimanin mililita 50 a kowane kilo na nauyinta a rana, har da wanda ke cikin abinci. Goje kilo 6 ne, wato 300 ke nan, kuma na tabbata ko rabi ba ya sha. Ƙibar ma ta ce a rage, amma sannu a hankali, domin mage mai ƙiba idan ta rame da sauri ko ta daina ci, kitse yakan taru mata a hanta.

Zaman jinya a gida shi ne aikin da ban shirya masa ba. An sa masa abin wuya mai kama da mazurari don kada ya lashi wurin, ya yi ta cin karo da ƙafar tebur yana harararmu kamar mu muka ja masa. Kwanon ruwa 4 yanzu a gidan, babu wanda ke kusa da yashinsa. Mazubin yashi ya zama 2, domin ƙa'idar ita ce kowace mage da nata a ƙara ɗaya, kuma duka a wurin da babu hayaniya. Likita ta gargaɗe ni cewa kwanakin farko bayan cire roba su ne aka fi sake toshewa, don haka na koma ƙirga dunƙulen yashin da fitsarinsa ke haɗawa safe da yamma, ina duba girmansu. A rana ta 3 ya shiga ya tsuguna ya daɗe, ya fito da ɗan ɗigo. Na kira ta ƙarfe 6 na safe jikina na rawa. Ba ta nuna gajiya ba, ta ce in kawo shi. Ta taɓa, mafitsara da taushi, kumburi ne bai gama sauka ba. Ta ce in dai ana shakka gara a zo a koma da kunya. Ta kuma gaya mini gaskiya cewa abin yana iya dawowa, kuma idan ya yi ta maimaituwa akwai tiyatar da ake faɗaɗa mafitar. Muna roƙon Allah kada a kai can.

Maigida, na gode da ka karɓi ba da maganin dare tunda ka dawo, duk da yakushin da ka sha. Ƙannena da suka tallafa da abin da ya sawwaƙa ba tare da na buɗe baki ba, Allah ya ƙara buɗi. Waɗanda suka kira, da waɗanda suka turo saƙo, da wadda ta ba ni labarin muzurunta da ya yi irin wannan shekarun baya kuma yana nan da ransa, kun ƙarfafa mini gwiwa a daren da nake bukata. Akwai kuma waɗanda suka ce, "Duk wannan a kan mage?" Ban ji haushi ba. Ba su ji kukan da ya yi a ƙarƙashin gado ba.

Goje yanzu yana ci yana sha, an cire masa mazurarin, ya koma kan kujerarsa. Auta ce ke riƙe da littafin ƙirgar, jiya ta rubuta dunƙule 3 manya. Ranar Talata za mu koma a sake gwada fitsarin.

Ƙawata da ta ara mana kwandon ɗaukar mage, yana nan na wanke shi, sai dai Goje ya ɓalle masa marfi a hanyar dawowa. Ki yi haƙuri, zan kawo miki sabo ranar Asabar, in sha Allah.